Yadda za ku shirya bitar lab ta ɗalibai zalla, daga riƙe fifet har ganin jan koloni a filet

Duk shekara abu ɗaya ke faruwa a sashenmu a nan Jos, 'yan aji huɗu sai sun sha wahala sun iya zuba jel ɗin raba DNA da saka DNA a cikin bakteriya saboda furojet, da zarar sun kare aikinsu gaban malamai sai su tattara su tafi bautar ƙasa da iyawar a hannunsu, na bayansu kuma su zo su faro daga sifili suna fasa abin da aka riga aka fasa. Wannan ne ya sa muka fara bitar sintetik bayoloji tsakaninmu, ɗalibi ya koya wa ɗalibi, kuma na jagoranci irinta sau da yawa har na daina ƙirgawa. Ga yadda nake yi.

Kafin nan, ga wanda bai san sintetik bayoloji ba: ɗaukar guntayen DNA ne da aka san aikin kowanne, a harhaɗa su kamar yadda mai gyaran rediyo ke harhaɗa kayansa, a saka a cikin ƙwayar halitta ta yi wani aiki. Insulin ɗin masu ciwon suga tun 1982 ake samar da shi da bakteriyar E. coli. Akwai kuma gasar ɗalibai ta duniya da ake kira iGEM, ta samo asali daga wani kwas a jami'ar MIT ta Amurka a 2003, yanzu babban taronta a Paris ake yi, kuma ƙungiyoyin da ke shiga suna yawan koya wa juna aiki, daga nan muka kwaikwayo. Wani zai ce muku kuna ƙirƙirar halitta ne, a'a, halitta ta Allah ce, mu abin da ke nan muke sarrafawa kamar mai ɗaura reshen mangwaro a kan wani. Ku tanadi wannan amsar don za a tambaye ku, ni kawuna ma ya tambaye ni.

KAYAN DA ZA KU TANADA

Lissafin nan na mutum goma sha biyu ne, rukuni huɗu, kowane rukuni mutum uku da mai koyarwa ɗaya. Kar ku wuce haka ko da an yi ta roƙonku.

Fifet, wato abin ɗiban ɗan ƙaramin ruwa a aune, guda uku ga kowane rukuni, P20 da P200 da P1000, da tip ɗinsu, wato bakin roba da ake sawa a cire. In saiti biyu kawai kuke da shi to ku rage mutane zuwa shida, ya fi ku tara jama'a suna kallon mutum ɗaya.
Ƙananan tub na mil ɗaya da rabi, da abin jera su.
Filet na Petri, wato faifan da ake rainon bakteriya a ciki, kamar arba'in.
Kayan haɗa abincin bakteriya wato LB: tiripton, yis estirak, gishirin lab, da aga mai sa shi daskarewa.
Maganin antibayotik da ya dace da filasmid ɗinku, wato ɗan zoben DNA da za ku saka a bakteriya.
E. coli na lab irin su DH5-alpha, da filasmid mai ba da launi.
Kalshiyam kuloraid, agaros na haɗa jel, ruwan TAE da jel ke zama a ciki, rinin lodi mai sa samfur ya zauna a ramin jel, lada wato DNA na gwada tsayi, da tankin jel da na'urar wutarsa.
Otokilef mai kashe ƙwayoyin cuta da tururi, inkubeta mai riƙe ɗumi, sikeli mai kyau, ma'aunin zafi.
Itanol kashi 70, bilic, safar hannu, rigar lab, maka da ba ta gogewa, tishu.
Ƙanƙara da kula. Fitilar Bunsen ko ta sifirit.
Kalar kek ko ruwan zoɓo da aka tace, na gwajin fifet.
Littafi mai bango mai ƙarfi guda ɗaya, na ƙungiya.

Game da filasmid, ni na fi son mai jan furotin, misali guntun da ake kira BBa_J04450 a cikin pSB1C3 na iGEM, saboda jan yana fitowa ido na gani ba sai da fitilar UV ba, shi kuma maganinsa kuloramfenikol ne. Mai kore wato GFP, wanda asalinsa daga wata halittar ruwa ce mai suna Aequorea victoria kuma aka ba wa mutum uku lambar Nobel a kansa a 2008, ya fi burgewa amma sai da fitila. Ku tambayi malamanku abin da ke cikin firizarsu tukuna, sau da yawa akwai, ba wanda ya tambaya ne kawai.

1. IZINI TUKUNA

Kar ku kuskura ku fara da fasta ko guruf na WhatsApp. Ku fara da malami ɗaya da zai tsaya muku, sannan shugaban sashe, a rubuce. Aikin canza ƙwayar gado a Najeriya yana ƙarƙashin hukumar NBMA mai kula da tsaron irin wannan aiki da ke Abuja wadda aka kafa da dokar 2015, aka kuma yi wa dokar gyara a 2019 ta haɗa har da sintetik bayoloji, don haka malamin naku ya bi ta kwamitin kula da irin wannan aiki na makarantarku, ba hurumin ɗalibi ba ne ya yanke hukunci shi kaɗai.

Sannan mutumin da ya fi kowa muhimmanci, teknolojis ɗin lab. Mu Baba muke ce wa namu. Shi ke da makulli, shi ya san wane soket ne ke ja, wane firij ne ƙofarsa ba ta rufuwa sosai. Ku je ku gaishe shi da kyau, ku nuna masa jadawalinku, ku ce Baba me ka gani a nan. Karon farko da na shirya bita na tsallake shi na je wajen Dakta kai tsaye, ranar da za mu fara muka tarar an ba wa wasu otokilef ɗin har yamma, ba mugunta ba ce, ba wanda ya gaya masa ne.

Doka ɗaya da ba a sasantawa: E. coli na lab kawai, wanda ba ya sa cuta. Ba samfurin asibiti, ba ruwan kwata, ba "bari mu ga me ke kan wayata". Abin da ba ku san ko mene ne ba kar ku raine shi a filet.

2. ZAƁEN MASU KOYARWA, DA GWAJIN SIRRI

Mai koyarwa ba lallai ne wanda ya fi kowa maki ba. Ku nemi wanda ya yi aikin da hannunsa aƙalla sau uku ya fito, kuma mai haƙuri ne. Akwai masu iyawa amma da sun ga sabon shiga yana rawar hannu sai su ce kawo in nuna maka su karɓe fifet ɗin su ƙarasa, irin waɗannan su ke kashe bita. Abin da nake gaya wa masu koyarwarmu shi ne ka nuna sau ɗaya, sannan ka zuba hannunka a aljihun rigar lab, bakinka kawai zai yi aiki. In ya lalata tub ɗaya ba komai, dama don haka muka tanadi rara.

Mako ɗaya kafin ranar, masu koyarwa su kaɗai su yi komai daga farko har ƙarshe, da kayan da za a yi amfani da su, ba wasu ba. A nan ne za ku gano antibayotik ɗin ya daɗe ya mutu ko fifet ɗaya tana yoyo. In gwajin bai fito ba ku ɗaga bitar, ba abin kunya ba ne.

3. JADAWALI

Kwana uku ya isa. Ni Talata, Laraba, Alhamis nake zaɓa don a kauce wa Juma'a da Lahadi tunda a Jos ƙungiya gauraye take, kuma nesa da jarabawa. Aikin nan cike yake da jira, minti 30 a ƙanƙara, awa ɗaya a inkubeta, to ku daidaita jiran da sallar Azahar da cin abinci, bayanin allo ma a lokacin jira za a yi shi ba da safe mutane na hamma ba. Abinci da ruwa a waje, ko cingam ban yarda da shi a ciki ba.

4. RANA TA FARKO DA SAFE: FIFET

Nan zan daɗe domin duk wanda bai iya fifet ba sauran aikin wasa ne.

Fara da tsaro na minti goma. Takalmi rufaffe. 'Yan uwa mata su tura bakin hijabi ko mayafi cikin rigar lab su ɓalla maɓalli saboda wuta, maza masu faɗin hannun riga su naɗe. Waya a jaka, wanda ya sa safar hannu ya taɓa waya ya canza safa.

P20 tana ɗaukar maikurolita 2 zuwa 20 (maikurolita dubu ne mil ɗaya), P200 tana ɗaukar 20 zuwa 200, P1000 kuma 100 zuwa 1000. Kar a murɗa ta wuce iyakarta, lalacewa take yi kuma gyaranta ba a nan kusa ba. Abin da ke rikita sababbi shi ne lambobin tagar, a yawancin fifet in ka ga 1, 5, 0 a P20 to 15.0 ne, a P200 kuma 150 ne, a P1000 in ka ga 0, 5, 0 ɗari biyar ne. Ka sa kowa ya saita adadi biyar da ka kira, maƙwabcinsa ya duba masa.

Sai maɓallin sama, yana da tsayawa biyu. Kowa ya danna a iska ba tip har sai babban yatsansa ya ji bambancin. Wajen ɗiba: danna zuwa tsayawar farko tun kafin ka shiga ruwa, tsoma bakin tip ɗin kaɗan, saki a hankali, ƙirga biyu, fito. Wajen zubawa: jingina tip a jikin tub, danna zuwa ta farko, ƙarasa zuwa ta biyu, fito da tip ɗin kafin ka saki yatsa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne dannawa har ƙasa wajen ɗiba, sai ya kwaso fiye da kima bai sani ba. Na biyu sakin maɓalli fat ɗaya, ruwa ya yi tsalle ya shiga cikin fifet. Na uku kwantar da ita a tebur da ruwa a tip.

Zoɓo na da amfani a nan saboda ja ne, ana ganin kumfa ana ganin ɗigon da ya maƙale. Ka ba kowa murfin filet ya ɗiga maikurolita 2, 5, 10, 20 a jere, sau uku, layukan su yi kama da juna. Akwai wata ƙanwarmu 'yar aji biyu da hannunta ke karkarwa sosai har ɗigon na sauka a gefe, na ce mata ƙanwata kafa gwiwar hannunki a tebur, ki tallafi wuyan fifet ɗin da yatsan ɗaya hannun, nan take ya daidaita, yanzu ita ke koyar da wannan sashen.

Jarabawar fita ita ce sikeli. Mil ɗaya na ruwa nauyinsa kusan giram ɗaya ne, don haka maikurolita 100 ya ba ka giram 0.100. Kowa ya yi sau goma ya rubuta. In lambobin mutum ɗaya na tsalle-tsalle hannunsa ne, in kowa na samun 0.090 da fifet guda to fifet ɗin ce, a manna mata alama a ajiye. In ba sikeli mai kyau, ɗebi 100 sau biyar ka tara a tub, ka saita P1000 a 500 ka zuƙe, bai kamata ya rage ko ka ja iska ba.

5. RANA TA FARKO DA RANA: ZUBA FILET

Lita ɗaya ta LB: tiripton giram 10, yis estirak 5, gishiri 10, aga 15. Ku raba huɗu kowane rukuni ya haɗa mil 250, wato 2.5 da 1.25 da 2.5 da 3.75, zai ba da filet kamar goma. Kwalba ta fi ruwan girma sau biyu, murfi a sassauce, in ka ɗaure tam tana iya fashewa.

Otokilef digiri 121 na minti 15 zuwa 20. In babu, tukunyar firesha ta girki tana yi amma ga abin da littafi ba zai gaya maka ba, Jos na kan tudu kamar mita 1,200 sama da teku, ruwa a nan yana tafasa ne wajen digiri 96, don haka tukunyar ba ta kai zafin da za ta kai a Legas ba. Ni minti 30 nake ba ta daga lokacin da ta fara huci, in kuma akwai tef ɗin otokilef mai canza launi in manna. Tukunyar ta zama ta lab har abada, ba a mayar da ita kicin.

Antibayotik ba a zuba shi a aga mai zafi, zafi na kashe shi. Jira har ka iya riƙe kwalbar a tafin hannu ba ka saki ba, wajen digiri 50 zuwa 55 kenan. Ampisilin maikurogiram 100 a kowane mil, kanamaisin 50, kuloramfenikol 25. In an haɗa muku shi mai ƙarfi ninki dubu, maikurolita 250 a mil 250. Amma kafin ka zuba maganin, fara zuba filet biyu marasa magani, za ka buƙace su gobe, wannan ana yawan mantawa.

Goge tebur da itanol, bari ya bushe, matsar da kwalbar itanol nesa, sannan kunna wuta. Fanka a kashe, taga a rufe musamman lokacin hunturu da ƙura ke shigowa ta ko'ina. Ɗaga murfi kaɗan, zuba har ya rufe ƙasa, rufe. Rubutu a gindin filet ake yi ba a murfi ba don murfi na musanyuwa, a rubuta kwanan wata, magani, sunan rukuni, da ƙananan haruffa a gefe. In ya daskare a kifa a sa firij.

6. RANA TA BIYU: SAKA FILASMID

Ka'idar a taƙaice, kalshiyam da sanyi na sa DNA ya maƙale a jikin bakteriya, ɗan zafi na farat ɗaya na sa ya shige, filasmid ɗin kuma na ɗauke da kariya daga maganin, saboda haka wanda ya karɓa ne kawai zai rayu a filet mai magani. Iya abin da sabon shiga ke buƙata kenan yau.

In kuna da sel, wato ƙwayoyin E. coli, da aka riga aka shirya a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili: narkar da shi a kan ƙanƙara ba a hannu ba, maikurolita 50 a tub biyu, ɗaya a rubuta masa alamar tarawa ɗaya ta ɗebewa. Zuba filasmid maikurolita 1 zuwa 2 a na farko kawai, ɗan ƙwanƙwasa gindin tub da yatsa, kar a girgiza. Ƙanƙara minti 30. Digiri 42 na daƙiƙa 45. Koma ƙanƙara minti 2. Ƙara LB marar magani maikurolita 450, awa ɗaya a digiri 37. Sai a shimfiɗa maikurolita 100 a filet.

Yawancinmu ba mu da irin wannan firizar, ko muna da ita wuta ta hana ta zama abin dogaro. To ga hanyar talaka, kuma tana yi: jiya da yamma masu koyarwa su ja E. coli a filet marar magani, yau a ɗebi koloni, wato ɗigon tarin bakteriya da ya tsiro a filet, biyu zuwa huɗu sababbi a narkar da su a maikurolita 250 na kalshiyam kuloraid mai sanyi, milimola 50, har ba gudaji, a zuba filasmid da ɗan yawa, ƙanƙara minti 10 ko fiye, sannan zafi da sauransu kamar na sama. Koloni ba za su yi yawa ba amma na bita ya wadatar.

Ƙanƙarar a farfasa ta ƙanana a ɗan zuba ruwa, tub ya nutse a ciki, in ka ɗora shi a kan ƙaton dutsen ƙanƙara da ka sayo a kasuwar Taminus gefe ɗaya kawai ke sanyi. In ba na'urar ruwan zafi, kofin roba mai kauri ko fulas ya isa, haɗa ruwan zafi da na sanyi har ma'auni ya nuna 42 daidai, kuma a auna a daidai lokacin da za a tsoma don a sanyin Jos minti biyu ya isa ya sauka. Kular ƙanƙarar ta zo kusa da ruwan zafin, ba a tafiya da tub a hannu daga wannan bango zuwa wancan. Mutum ɗaya na tsomawa, ɗaya na riƙe da agogo yana ƙirgawa da ƙarfi.

Filet uku kowane rukuni, kuma a nan nake da taurin kai. Na ɗaya sel mai filasmid a kan magani. Na biyu sel marar filasmid a kan magani. Na uku sel marar filasmid a filet marar magani. Kafin a tafi gida kowa ya rubuta a littafi abin da yake zaton zai gani a kowanne da dalilinsa. Wani zai ce ai ɓarnar filet ce, ba ɓarna ba ce, in babu na biyu da na uku gobe ba ka da bakin magana ko ya fito ko bai fito ba.

A kifa filet, digiri 37, awa 16 zuwa 18. In kun sa ƙarfe huɗu na yamma, takwas zuwa goma na safe kenan. Matsalar ita ce dare. Sau ɗaya aka ɗauke wuta bayan Isha a watan Disamba, da safe muka zo inkubeta sanyi ƙalau filet fayau ba komai, yara duk jikinsu ya mutu, wani har ya kama hanyar kwandon shara da nasa Baba ya ce kai ajiye. Muka mayar, washegari ga su nan ja. E. coli a sanyi ba mutuwa yake ba, jinkiri yake. In kuna da inbata ku haɗa inkubetar a kai. In ba inkubeta kwata-kwata, ƙaramin injin ƙyanƙyasar ƙwai yana aiki a wajen digiri 37 da rabi, kuma a garin kaji irin Jos ba wuyar samu, amma wanda ya shiga lab ya shiga kenan ba ya komawa gona.

7. JIRAN AWA ƊAYAN NAN

Kar a bar awa ɗayan da sel ke yi a digiri 37 ya tafi a hira. Ni takarda da almakashi nake rabawa, a buga jerin haruffan DNA a dogon tsiri a manne shi zobe, a ce su nemo GAATTC su yanka tsakanin G da A a duka layukan biyu kamar yadda sinadarin EcoRI mai yanka DNA ke yi, su ga bakin da ya yi tsini da yadda wani guntu ke shiga. Wanda ya yanka da hannunsa ba ya mantawa. In akwai laftof da data, a buɗe Benchling, shafin duba da tsara DNA, kyauta ne ga ɗalibai, a nuna musu taswirar ainihin filasmid ɗin da ke cikin tub ɗinsu.

8. RANA TA UKU DA SAFE: KARANTA FILET

Mai koyarwa ya yi shiru, su fara magana. Abin da ake so: na ɗaya koloni warwatse, na biyu fes, na uku ya cika kamar an shafa man shanu. In na biyu ya tsiro, maganin ya mutu ko an zuba shi da zafi ko an musanya filet. In na uku ba komai, sel ɗin ne suka mutu, watakila ruwan ya wuce 42 ko sandar shimfiɗawa ba ta huce ba. In na uku ya cika amma na ɗaya wayam, to filasmid bai shiga ba ko maganin ba nasa ba ne. Jan launin wani lokaci sai ya ƙara wasu awanni kafin ya nuna sosai. Masu amfani da ampisilin kuma in filet ya wuce lokaci za ku ga 'yan ƙananan koloni sun kewaye manya, waɗannan 'yan cin arziki ne, ba su da filasmid, kar a ɗauke su.

Rukunin da nasu bai fito ba su nake fara ba wa allo, su faɗi inda suke zargi, sau da yawa su ke fita da ilimi fiye da kowa.

9. JEL

Agaros giram 0.5 a mil 50 na TAE, kashi ɗaya cikin ɗari kenan. TAE fa, ba ruwa ba, duk shekara sai wani ya haɗa da ruwa. Narkar har ya yi garau ba ƙwaya ko ɗaya, bari ya ɗan huce, zuba, sa matajin da ke fitar da ramukan zuba samfur, minti 20 zuwa 30. Ramukan su kasance ɓangaren baƙar waya domin DNA cajinsa na ɗebewa ne, wajen ja yake gudu, in ka juya zai fice ta baya cikin 'yan mintuna. Buffa, wato ruwan TAE ɗin, ta rufe jel ɗin. Rinin lodi maikurolita 1 ga samfur 5, lada a ramin farko, bolt 100 na minti 30 zuwa 40. Ka ga ƙananan kumfa na tashi daga wayoyin tanki, wuta na tafiya.

Kowa ya fara gwada lodi da zoɓo ko kala a jel ɗin aga na banza har sai ya cika rami biyar bai huda gindi ba, agaros tsada gare shi. Samfurin gaske masu koyarwa su shirya tun kafin ranar, filasmid ɗin jan nan da aka yanka da EcoRI da PstI zai ba da layi biyu, ɗaya mai tsawon haruffan DNA wajen 2,000 ɗaya wajen 1,000. In rinin nuna DNA a jel da kuke da shi itidiyam buromaid ne, Baba ko malami kaɗai ke taɓawa, a kusurwarsa, da kwandon shararsa daban, kuma ba mai kallon UV ba kariyar ido. In ba tanki, robar sabulu da waya marar tsatsa da batir mai bolt 9 guda biyar a jone suna raba kalolin kek, ba DNA za a gani ba amma za a gane yadda abin ke tafiya.

10. SHARA

Masu koyo ne za su yi, ba masu koyarwa ba. Duk ruwan da bakteriya ta taɓa a zuba masa bilic kashi ɗaya cikin goma a bar shi minti 30. Filet da tip da tub su shiga otokilef kafin a zubar. Abin da ke da bilic ba ya shiga otokilef. Ba mai tafiya da filet hostel don nuna wa abokai, hoto ya isa, shi ma wanda bai sa safa ba ne zai ɗauka.

11. MIƘA HANNU

Awa ta ƙarshe a juya kujera, kowane mai koyo ya ja takarda, abin da ya fito masa, fifet ne ko zuba filet ko lodi, ya koya wa mutum daga wani rukuni, mai koyarwa na tsaye hannu a aljihu. Daga nan nake zaɓar mutum huɗu na zango mai zuwa, kuma 'yan aji biyu da uku nake fifitawa tunda su za su daɗe. Satifiket in za ku bayar, a rubuta ainihin abin da mutum ya yi da hannunsa kuma malami ya sa hannu.

Littafin ƙungiya kuma a rubuta komai har da abin kunya, wace fifet ce ke rage ruwa, minti nawa tukunya ta ɗauka, ranar da wuta ta tafi da abin da ya biyo baya. A ɗauki hoton shafukan a tura guruf, asalin ya zauna wajen Baba.

In kun yi sau biyu ya zauna, ku nemi wata ƙungiya ku yi musaya, 'yan Maikurobayoloji sun fi mu tsabtar hannu, 'yan Kwamfuta sun fi mu saurin gane Benchling, kuma ta hannun malaminku kuna iya rubuta wa cibiyar binciken dabbobi ta Vom ko hukumar bayoteknoloji da ke Lugbe a Abuja ku nemi ziyara. In baƙi za su zo lab ɗinku, ku tura musu jadawali da dokokin tsaro mako ɗaya kafin nan, su zo da rigunansu na lab, fifet ɗin da suka kawo kuma a manna mata tef mai launi daban a ƙirga da safe a ƙirga da yamma, don mun taɓa neman P20 ɗinmu wata biyu ashe tana can cikin jakar baƙi su ma ba su sani ba.